Sassaƙen da Daso Take Kawowa

Ƙofar Guga, Katsina.

Zuwa ga Ummina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kun sauka lafiya ke da maigidanki Malam Sada, gajiyar hanya kuma ta sake ki. Yaya baƙunta? Yaya ruwan garin, ya karɓe ki? Yaya sabon wurin aiki da mutanen da kika tarar? Allah ya tsare min ke a zaune da tsaye, ya kare ki daga sharrin abin da ke tafiya da ciki da mai tafiya da ƙafa, ya haɗa ki da mutanen kirki. Babanki yana gaishe ku, ya ce in faɗa wa Malam Sada ya riƙa kula da hanya in ruwa ya sauka.

Kin ce sai kin hau tudun bayan asibitinku kafin waya ta kama, shi ya sa na ɗauki biro. Direban da zai kawo miki sauran kayanki shi zai ba ki takardar. Ko da wayar tana kamawa ma, akwai maganar da bakina ba zai iya ba. Kin ɗauka ban lura ba ne? Yarinyar da take sanya daddawa a miya har babanta ya yi ƙorafi, ita ce ta koma toshe hanci in na buɗe gwangwaninta. Na yi shekaru ina karɓar haihuwa a unguwar nan, ba sai an gaya min ba. Na yi murna, Ummi, murnar da sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Allah ya raba lafiya. In lokaci ya yi, gida za ki zo ki haihu, ki yi wankanki a gabana, wannan ba abin shawara ba ne.

To, a nan damuwata take. Kin san Inna, mahaifiyata da kika ci sunanta, ita ta bar min sana'ar nan. A cikin duk abin da ta bar min, babu wanda ya kai haɗin da ake ba mai jego in ruwan nono ya ƙi zuwa. Kayan haɗin duk ana samunsu a kasuwa, ban da guda ɗaya, wani sassaƙe da Inna take kira ɗan kurmi. Ba na ƙasarmu ba ne. Wata Bafulatana mai suna Daso ita take kawo mana shi. In rani ya yi, mutanenta suna yin kudu da shanu har cikin kurmi, irin ƙasar da kike ciki yanzu, in damina ta faɗi su dawo rugarsu, ita kuma ta shigo birni da ƙullinsa a ƙarƙashin ƙwaryar nono. Tun da ɓarayin daji suka kore musu shanu rugar ta watse, ban sake ganin Daso ba. Daga baya wata mai tallar nono ta ce min ta rasu. Abin da ya rage a hannuna ɓallin da bai wuce tafin hannu ba, daidai jego ɗaya. Na naɗe shi a tsumma na jefa ƙasan adaka na ce wannan na Ummi ne. Ranar da za ku tafi na ce miki zan aiko da shi ki nuna wa mutanen can, ko Allah zai sa a gane itacen, ki dawo min da shi tare da sabo. In ba a gane ba, haɗin Inna ya ƙare a kaina.

Yadda aka yi na kai ga haka shi nake so ki ji, don kada ki bi sawuna.

Daso ta yi shekaru tana shigowa gidan nan, tun ina amarya har kika gama makaranta. Ban taɓa tambayarta yadda itacen yake ba. Wallahi ko sau ɗaya. Takan sauke ƙwarya a bakin rijiya, in karɓi ƙullin, in shinshina, in ce madalla, in koma kan aikina. Ruwa nake ba ta, wani lokacin fura, amma ban taɓa shimfiɗa tabarma na zauna kusa da ita ba. A raina ita mai kawowa ce, ni ce mai sani. Akwai sunansa da Fulatanci, ta sha faɗarsa a gabana, ya shiga ta wannan kunne ya fita ta wancan. Wata rana tana gyara gammo ta ce min, “Binta, ke ba ki son ki ga uwar abin nan da idonki? In na mutu fa?” Na yi dariya na ce, “Haba Daso, ke da kike shan nono kullum, ai sai kin binne mu duka.” Ita ma ta yi dariya ta ɗauki ƙwaryarta. Yau da zai yiwu, da na ba da duk abin da ke cikin ɗakina a dawo min da wannan hantsin, in ce mata zauna ki faɗa min.

Saboda haka, Ummi, tsofaffin matan ƙauyen nan da za su riƙa kawo miki jikokinsu awo, kada ki tsaya a kan kati da allura ki sallame su. In kin tashi aiki ki bi su gida. Ki zauna inda suka zauna, ki ci abin da suka ci in dai halal ne, ko da miyar manja ce da ba ki saba ba, kada su ga kin yatsine fuska. Na san ki da tsantsami, tun kina ƙarama kike tsince albasa daga abinci. Ki koyi gaisuwar yarensu ko da za su yi miki dariya. Da yawansu ba addininku ɗaya ba, wannan bai hana su zama iyayenki ba, ki durƙusa musu kamar yadda kike durƙusa min. In wata ta ambaci sunan ganye, ki maimaita a gabanta har sai ta ce kin faɗa daidai. Kuma kada ki fara da tambayar magani. Wanda ya zo da tambayar magani ranar farko, ɗan kasuwa ake ɗaukarsa, kuma da gaskiyarsu.

Abu na biyu ma da kunya, amma ki yi dariyarki, na yafe. Shekarar da aka kai ni gaida dangin babanki a ƙauyensu, can yamma da Batsari a bakin daji, lokacin ana shiga dajin a fito lafiya, na tafi da buhu da ƙaramin gatari ina jin kaina 'yar ungozoma daga birni. Gwaggo Tabawa, yayar kakanki, ita ta raka ni tare da wasu mata masu neman itace. Muka yi tafiya muka gaji, muka zauna a gindin wata bishiya a kan duwatsu, jikinta fari-fari yana saɓulewa kamar takarda. Na jingina da ita na sha ruwa, sannan na ce, “Gwaggo, wai ina ake samun hano a dajin nan? Shi na fi so in tafi da shi.” Matan nan suka kwashe da dariya har wata tana riƙe ciki. Gwaggo ta ce, “Ɗiyar nan, tashi ki ba hano wuri ya huta, tun ɗazu kina danne mashi baya.” Ni da nake daka hano tun ban kai tsawon taɓarya ba, ko ido rufe aka sa min a hanci zan faɗe shi, ashe ban taɓa ganinsa a tsaye ba. Har ta koma ga Allah, Gwaggo ba ta daina kirana Mai Hano ba.

Mu 'yan birni busasshe muka sani. Mun san marke da ƙirya da madaci a ƙulle a leda, ba mu san wanne ke son gefen rafi wanne ke son tudu ba. Ke Allah ya kai ki inda suke da rai. Kin ce min bishiyoyin can rana ba ta taɓa ƙasa a ƙarƙashinsu, birai suna tsallake hanya, kuma ko'ina ƙarar ruwa. Ki buɗe ido. In an nuna miki itace, ki dubi ganyensa gaba da baya, ki tambayi watan da yake fure, ki ga tsuntsun da ke sauka a kansa da abin da ke tsirowa a gindinsa. Wayar nan da kike ɗaukar hoton kanki da ita ba dare ba rana, ga aikin da ya dace da ita.

A wannan tafiyar dai na yi ɓarnar da ba ta dariya ba ce. Muna dawowa na ji ƙamshin sanya, wadda saiwarta take ƙamshi kamar man zafi. Ita kam hancina ya gane ta, don wani ya taɓa haƙa gefenta. Na bar su suka yi gaba, na durƙusa na haƙe ta kaf, babbar saiwa da ƙanana, na cika buhu, na bar bishiyar a karkace da rami a buɗe. Da Gwaggo ta dawo nemana ta gani, ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Wa ya koya maki haƙa hakanga? Saiwa guda aka ɗauka, a maida ƙasa, a taka. Wagga ba ta tashi kuma. Ita ɗai ce tsakaninmu da rafi, mi kike so mu ba mutane baɗi?” Ta durƙusa da tsufanta tana mayar da ƙasar da hannu, ko da ta san aikin banza ne. Rabin saiwar nan a ɗakina ta yi fumfuna na zubar.

A hanya ta nuna min yadda suke yi. Sassaƙe ana ɗiba ta gabas kaɗan, ta yamma kaɗan, ba a zagaye bishiya, sannan a shafe wurin da laka. Ba a taɓa wadda wani ya ɗiba bara sai ta warke. Ana yin bisimilla kafin a sa gatari. Na tabbata mutanen can ma suna da irin nasu ƙa'idojin, wataƙila har da kurmin da ba a shiga ko ranar da ba a sara. Kada ki ce camfi ne ki taka. Ko ba ki gane dalilin ba, ki dubi wurin da suka hana taɓawa ki gwada shi da inda aka bari kowa ya shiga. Kuma in Allah ya sa aka nuna miki ɗan kurmi, ki riƙe bakinki a gaban masu zuwa da mota sayen itatuwa. Abin da zai ishi mace ɗaya ko biyu za ki karɓo, kuma su za su sara miki da hannunsu.

Yanzu sai wadda ta fi min nauyi, kuma ta shafi aikinki kai tsaye. Kina goye a bayana lokacin. Wata Rabi a Ƙofar Marusa, ni na karɓi haihuwarta, bayan suna zazzaɓi ya rufe ta. Na ba ta jiƙo, na canza wani, na ƙara turare. Mijinta ya ce ko a tafi asibiti, na ce masa ya bari, na san abin. Ba don na sani ba ne, Ummi, don kada a ce ɗiyar Inna ta gaza ne. Sai da yarinyar nan ta daina gane mutane sannan na yarda aka ɗauke ta. Na bi su ina jiran a zage ni, na ma shirya amsar da zan mayar. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu wata 'yar Filato ce, Sista Rifkatu, wadda kika sani, mai aiko miki da 'ya'yan atile na ƙasarsu daga gidanta na Kambarawa. Bayan sun sa wa Rabi ruwa ta samu kanta, Sista ta ja ni gefe ta ce, “Mama, sannu da ƙoƙari. Gobe in kin ga zazzaɓi irin wannan ga mai jego, ki kawo mana ita da wuri, mu yi aikin tare.” Shi ke nan abin da ta ce. Da ta daka min tsawa a gaban mutane, na san halina, da ban sake taka asibitin nan ba, kuma da matan da na kai daga baya ba su je ba. Saboda ita na yarda kika karanci aikin jinya.

Ke ce Sista Rifkatu yanzu. Za a kawo miki mata a makare, an shafe su da ganye, an ɗura musu abin da ba ki sani ba, wata tsohuwa tana rakuɓe a bakin ƙofa tana jiran zagi. Ki tuna uwarki ce a tsaye a wurin. Ki fara ceton mai ciwon, sannan ki kira tsohuwar gefe ki tambaye ta abin da ta bayar, cikin girmamawa, don sai ta yarda da ke za ta faɗa miki gaskiya. Abin da kika ga yana cutarwa ki hana, kada ki ji nauyi. Ni ma ai kin hana ni cika kanwa a kunun jego, na yi ta mita, amma na rage.

Na kuma yi miki laifi ke kanki. Inna ta koya min ne da taɓarya a hannuna, tana daga zaune tana cewa ƙara wannan, rage wancan. Ni kuwa duk ranar da kika matso kusa da turmina sai in ce tashi ki ɗauki littafinki. Ba na son ki riƙa warin sassaƙe a aji, yara su yi miki dariya kamar yadda aka yi min. In zan yi haɗin jego kuma sai na tura kowa waje, wai sirrin gida. Na yi ta ɓoyo har na wayi gari babu wanda ya sani sai ni kaɗai, ga gwiwa ta fara ciwo, ga ido sai da tabarau. In kin zo, kujera zan ajiye miki a bakin murhu, komai a gabanki za a yi. Ke ma abin da kika sani na asibiti, ki koya wa matan can, kada ki riƙe.

To, Ummi, na yi ta kewaye-kewaye, bari in faɗa miki abin da ya faru shekaranjiya.

Kin san Hassana, surukar maƙwabciyarmu Hajiya Mairo, wadda kuka bari da tsohon ciki. Ta haihu namiji a asibiti lafiya, amma nono ya ƙi zuwa sai ɗigo. Sun koma an duba ta, an ce ta ci gaba da ba shi, zai zo. An gwada madarar gwangwani, cikin yaron ya ƙi ta. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kukansa a tsakar gidana yake sauka, tun yana da ƙarfi har ya koma kamar na ɗan mage. Da hantsi Hajiya Mairo ta shigo, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, ta daɗe tana gaisuwa. Can ta ce, “Hajiya Binta, ba ni da bakin roƙo. Na san abin da ya rage maki na Ummi ne. Na zo dai don kar in ce ban zo ba.” Na dube ta na ce mata ai ya ƙare tuni. Ta ce, “To, Allah shi kyauta,” ta tashi ta fita.

Na ɗauki tsintsiya na share inda na riga na share. Na ɗora tukunya na sauke. Yaron nan bai yi shiru ba. Na ce wa kaina jikana ya fi kusa da ni, kuma in na dafa ɓallin nan, da me za a nemo itacen? Duk gaskiya ne, amma ƙafafuna ba su saurare ni ba, sai ga ni durƙushe gaban adaka. Na leƙa ta katanga na kira Hajiya Mairo, na ce ta zo da Hassana da ƙanwarta su zauna su gani. A gabansu na haɗa, ina faɗar sunan kowane abu da ƙarfi. Da ruwan ya yi ja ya taso da kumfa, ƙamshin ɗakin Inna ya cika gidan, sai da na juya baya na share ido. Ko maganin ne, ko lokacin zuwan nonon ne ya yi kamar yadda ku za ku ce, Allah ne masani. Ni dai jiya da la'asar na tsaya a jikin katanga ban ji komai ba sai muryar Hassana tana yi masa wasa.

Rabonki na bayar, Ummi, ban tambaye ki ba. Ki yafe min.

Kafin in jefa sassaƙen a tukunya na ɓantari ɗan mitsitsi, bai fi farcen babban yatsa ba. Yana cikin kwalbar turare, a naɗe cikin zanen atamfar da ke saman jakar kayanki. Ba zai yi magani ba, kuma ba zai isa a yi ta yawo da shi hannu-hannu ba. Mai sani sai ta tauna take tabbatarwa, wannan kuwa tauna ɗaya ne. Don haka kada ki yi gaggawa. Ki zauna da su tukuna har ki gane wadda sauran mata suke komawa wurinta in abu ya gagara, ita za ki ba. Ki gaya mata bayansa toka-toka ne mai kaushi, cikinsa ja kamar goro, in an karya yana fitar da zare, yana fara wa harshe da bauri ya ƙare da zaƙi a maƙogwaro. Abin da na tsinta daga bakin Daso ba da niyya ba shi ne a bakin ruwa yake tsayawa, kuma birai suna son 'ya'yansa. Iyakar abin da na sani ke nan bayan duk shekarun nan.

Ban ce ki shiga kurmi da kanki a halin da kike ciki ba, kin ji ko? Ban yarda ki tsallaka rafi ko ki hau dutse saboda ni ba. In an samu, alhamdu lillahi. In ta tauna ta girgiza kai, ki yi mata godiya ki ba ta goro, kada ki sa abin a ranki, laifin ba naki ba ne.

Allah ya tsare ki, ya tsare abin da kike ɗauke da shi, ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk wadda kika taɓa. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da mijinki, ya kare ku a hanya da masauki, ya dawo min da ke da ƙafafunki. Ki riƙe sallarki da azkar, ki kwana cikin gidan sauro. Ki gaida Malam Sada da kyau.

Ko kin samo ko ba ki samo ba, ki zo gida. Itacen dafa ruwan wankanki na riga na fara tarawa a bayan ɗaki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Binta